Taɓaryar da Ma'aruf Ya Tono wa Ummarsa

Akwai wani saurayi a Makka mai suna Ma'aruf, haifaffen unguwar Jarwal, jinin alhazan nan da suka baro Kano da ƙafa suka zo suka zauna. Yana da ɗan shagon kayan waya a Aziziyya. Larabci a bakinsa kamar ruwa, Hausa kuwa kafin ya haɗa magana biyu ya cusa "ya'ani" uku. Yaro ne mai kirki, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma fa idan ya kafe a kan magana, ko malamin da ya koya masa karatu bai isa ya juya shi ba.

Abin da ya ɗauke masa hankali a 'yan shekarun nan shi ne na'urar gano ƙarfe, irin wadda ake shafa ƙasa da ita, in ta ji ƙarfe a binne ta yi ƙara. Duk Juma'a bayan sallar asuba sai ya jefa ta a mota ya nufi bayan gari, wajen tsohuwar hanyar da alhazai suke bi a da daga Jidda. Ya sha tono ƙusoshi da murafen gwangwani da karyayyun cokula. Abokansa suna tsokanarsa da cewa shara yake kwasa kyauta, shi ko a jikinsa.

Akwai abin da yake nema, bai dai taɓa faɗa musu ba.

Mahaifiyarsa, Hajiya Mairama, yaji take dakawa tana ba masu tsire. Ba ta yarda da injin niƙa ba, ta ce yana kashe ƙamshin citta. Tun Ma'aruf yana ƙarami yake jin tana ba da labarin kakarta, wadda ta ɗauko taɓaryar ƙarfe tun daga Kano, ta ratsa Sudan da ita, ta haye teku da ita, sai da ya rage kwana biyu a shiga Makka jakinsu ya mutu, dole ta yar da ita a hanya tana kuka.

To Ma'aruf ɗan fari ne, kuma Hajiya mutuniyar da ce wajen alkunya. Ba ta doguwar hira da shi, ba ta yabonsa a gaban idonsa. Ƙannensa su zauna su yi ta raha da ita, shi da ya shigo sai hirar ta koma "ka ci abinci?" Ya san al'ada ce, ya san tana sonsa, amma abin yana cin ransa. Burinsa ya yi abu guda ɗaya da zai sa fuskarta ta washe saboda shi.

Wata Juma'a yana cikin wani kwari da ruwan sama ya zaizaye, na'urar ta ɗauki ƙarar da bai taɓa ji ba. Ya durƙusa ya hau tono da ƙaramin shebur. Can sai ya ji ƙwal. Ya sa hannu biyu ya yakice ƙasa, ya zaro wani ƙarfe dogo mai nauyi, kaurinsa kamar gorar ruwa, gindinsa a shafe, kansa ya yi tsini kaɗan, tsatsa ta rufe shi ruf.

Ma'aruf ya miƙe yana juya shi a rana, bakinsa har kunne.

"Wallahi ita ce," ya faɗa shi kaɗai. "Ko ba ita ba ce, 'yar'uwarta ce."

Ya bubbuga shi a jikin dutse don ƙasar ta zube, ya cilla shi bayan mota, ya taho gida yana waƙa. Duk kwanar da ya sha sai ƙarfen ya gangara ya daki gefe.

Jama'a, bari in faɗa muku tun yanzu, don ni kaina duk sanda na zo nan sai tsigar jikina ta tashi. Wannan ba taɓarya ba ce. Harsashin igwa ne da aka harba shekaru da yawa da suka wuce bai fashe ba, ragowar wani tsohon yaƙi ko atisayen soja, Allah kaɗai ya sani. Albarushinsa yana ciki, kuma irinsa ƙara tsufa yake yana ƙara saurin tashi.

Shi ne Ma'aruf ya rungumo ya hau da shi bene hawa huɗu, ya ajiye a gaban mahaifiyarsa.

"Umma, dubi abin da na samo a hanyar alhazai."

Hajiya ta goge hannu a zani, ta ɗaga shi, ta jinjina nauyinsa. Sai ga ƙwalla ta taru a idonta, ta yi sauri ta kau da kai wajen taga.

"Allah ya yi wa yaron nan albarka," ta faɗa kamar da tagar take. "Zan goge ta da lemon tsami da toka. Gobe bayan azahar ina da dakan yajin biki, da ita zan yi."

Ranar Ma'aruf bai san sanda ya sauko daga benen ba. Ji yake kamar an ba shi Makka da abin da ke cikinta.

Washegari Asabar, duk wanda ya shigo shagonsa sai ya ga hoton taɓarya, ko caja ya zo saye. Bayan an sauko daga sallar azahar sai ga Malam Mukhtaru ya tsaya shan shayi kamar yadda ya saba. Dattijo ne da ya zo daga Chadi shekaru talatin da suka wuce, yana raba katan-katan ɗin ruwa a gidajen alhazai da wata tsohuwar a-kori-kura. Layinsu ɗaya da su Ma'aruf a Jarwal. Mutum ne marar yawan magana, Larabcinsa kuma har yau a karye yake, samari suna kwaikwayonsa a bayan idonsa.

"Ammu Mukhtaru, zo ka ga tarihi," in ji Ma'aruf, yana kiransa baffa da Larabci, ya miƙa masa waya.

Dattijon ya kalli hoton. Ya ajiye kofin shayin a hankali.

"Ɗana, ƙara mini girmansa."

Ma'aruf ya ƙara.

"Ina ƙarfen nan yake yanzu?"

"Yana kicin ɗin Umma. Yanzu haka ma ta kusa fara daka da shi."

"Kira ta. Ka ce kada ta taɓa shi, ta fita daga gidan, ta fito da duk wanda ke ciki. Wannan harsashin igwa ne, kuma da ransa."

Ma'aruf ya tuntsire da dariya, samari biyu da ke shagon suka taya shi.

"Haba Ammu, da girmanka. Taɓaryar kakanninmu ce kake ce wa bam?"

"Dubi gindinsa, ka ga wannan zoben jan ƙarfe mai tsaga-tsaga? Bakin igwa ne ya yi masa tsagar lokacin da aka harba shi. Dubi kansa, hula ce aka murɗa. Wane maƙeri ne yake yi wa taɓarya hula?" Dattijon ya ɗago ya dube shi. "A garinmu bayan yaƙi, wani maƙwabcinmu irinsa ya tsinto ya yi dutsen murhu da shi. Ina cikin waɗanda suka tattara gawarsa."

Maganar ta soki Ma'aruf, amma ba ta inda ya kamata ba. Abin da ya ji kawai shi ne ana so a ƙwace masa albarkar jiya, a gaban mutane kuma. Ya fizge wayarsa.

"Nan Makka ce, ya'ani, ba Chadi ba. Ku komai kuka gani sai ku ce yaƙi. Shekara uku ina wannan harka, na fi ka sanin ƙarfe. Ka je ka ji da katan ɗin ruwanka."

Ko samarin da suka yi dariya sai da suka sunkuyar da kai. Malam Mukhtaru ya dube shi, ya zaro wayarsa ya fita.

Ma'aruf ya bi bayansa da tsaki. Don ya kunyata dattijon sosai, ya ce wa samarin su matso, zai sa hoton a intanet ya nuna musu irin taɓaren mutanen da. Ya danna. Hotuna suka fara fitowa jere.

Babu taɓarya ko ɗaya. Ga zoben jan ƙarfen, ga tsagar, ga hular. A wani hoton an zagaye wurin da jan ƙyalle, wani mutum cikin ƙatuwar rigar kariya yana durƙushe a gabansa.

Ma'aruf ya miƙe zumbur. Ya dubi agogo, an yi minti ashirin da idar da azahar. Nan take ya kira mahaifiyarsa. Sai da ta kusa tsinkewa ta ɗauka.

"Lafiya?"

"Umma, taɓaryar nan..."

"Ga ta nan, na goge ta tas. Hannuna da barkono, sai ka dawo."

Ta kashe. Ai dama ba ta taɓa wuce haka da shi a waya ba. Ya sake kira, ya sake, ya sake, tana ta ringi a banza. Ya san inda wayar take, a kan firij, an kife ta.

Ya fito a guje bai ko rufe shagon ba. Motarsa tana can baya, wata bas ɗin masu umara ta tare ta. Yana waige-waige kamar zai yi hauka sai ya ji hon. A-kori-kurar Malam Mukhtaru ce a bakin shagon, injin a kunne, ƙofar gefe a buɗe.

"Shigo," in ji dattijon.

Ashe bai tafi ba, jiransa yake.

Tsohuwar motar nan ranar ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba. Katan-katan suna ta tsalle a baya, Malam Mukhtaru yana kutsawa tsakanin bas-bas, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a hon. Suka shiga ramin dutsen da ake bi zuwa cikin gari, sai ga cunkoso, fitilun birki ja har iya ganinka.

"Na kira Jawahir tun ina fita daga shagonka," in ji dattijon. Jawahir matarsa ce. "Ta ce za ta je. Amma ka san gwiwarta, ga benenku hawa huɗu. Tun ɗazu nake kiranta ba ta ɗauka."

"Ya Rabbi, ya Rabbi," kawai Ma'aruf yake maimaitawa. Duk ƙarar da ya ji a cikin ramin sai ƙirjinsa ya ba da ras.

"Kira lambar gaggawa, tara ɗaya ɗaya, ka gaya musu."

Ma'aruf ya juya wayar a hannu.

"Ammu, ba ni da izinin tono. Za su tambaye ni."

"Za su tambaye ka, sai ka amsa. Kira."

Ya kira. Ya faɗi unguwa da layi da hawa, ya faɗi abin da ya ɗauko da inda ya ɗauko shi. Wanda ya amsa ya ce kada kowa ya taɓa, kada a matsar da shi ko taku ɗaya, a fitar da mutane daga ginin a yi nesa.

Da suka iso Jarwal motar ba ta gama tsayawa ba ya dira. Ya sha kwanar layinsu da gudu, idonsa a kan tagar hawa na huɗu. Tagar tana nan lafiya lau, labulen yana kaɗawa. Ya sauke ido, sai ga Hajiya Mairama a tsaye a bakin ƙofar gini, mayafi a karkace, hannu ja da barkono. Jawahir ta riƙe mata wuyan hannu gam tana haki.

Ma'aruf ya tsaya cak, ya ce alhamdu lillahi.

Hajiya kuwa ranta a ɓace yake. Mata sun fara taruwa, tana ce musu, "Ku ji mini Jawahir. Wai bam ne a kicin ɗina. Abin da yaron nan ya sha rana ya tono mini? Yaron nan ba zai kawo mini abin da zai cuce ni ba."

Duk ido ya dawo kansa. Wallahi da ƙasa za ta tsage da ya shige. Ya matso ya durƙusa a gabanta.

"Umma, gaskiyarsu ne. Ba taɓarya ba ce. Ni ne ban sani ba, aka gaya mini kuma na ƙi ji."

Hajiya ta dube shi, ta dubi hannunta.

Kunya ta sa ya zabura zai hau benen.

"Bari in sauko da shi in kai shi bayan gari, kafin a tara mana jama'a."

Malam Mukhtaru ya sha gabansa ya tare ƙofar da jikinsa.

"Sau nawa kake so Allah ya ƙyale ka? Ka tono shi, ka ɗauko shi a mota, ka hau da shi bene. Ya isa. In kana son aiki, ka tsaya nan ƙasa ka danna ƙararrawar kowane gida, su fito."

Haka aka yi. Cikin minti goma gini ya zama wayam, an fito da tsofaffi a kan kujeru, mata da jarirai a kafaɗa, wani da kumfar sabulu a kunne. 'Yan sanda suka iso suka tare layin ta kowane ɓangare, suka kora mutane har bakin titi. Bayansu sai ga masu kwance bama-bamai. Ɗayansu ya sa rigar nan mai nauyi ya hau shi kaɗai. Ya fi rabin awa a sama, unguwa ta yi shiru kana jin kukan tattabaru. Can ya sauko yana takawa a hankali, riƙe da wani akwati cike da yashi, aka sa a motarsu aka rufe. Sai a lokacin mutane suka fara kabbara.

Ma'aruf ya sha tambayoyi a ofis har bayan la'asar. Aka karɓe na'urar, ya sa hannu a takardar alkawarin ba zai sake tono babu izini ba. Washegari da safe suka tafi da shi ya nuna kwarin. Taku kaɗan daga raminsa suka gano wasu guda biyu a binne, wato ya yi ta zirga-zirga a kansu da shebur a hannu.

A nan cikin kwarin suka haƙa rami suka tayar da su. An tsayar da Ma'aruf can nesa a bayan mota. Duk da haka sai da ya ji ƙasa ta harba a tafin ƙafarsa, ƙarar ta dake shi a ƙirji, ƙura ta turnuƙe sama. Da ta lafa, jami'in da ke kusa da shi ya nuna masa wata bishiyar ƙaya da ɓaraguzan ƙarfe suka tsinke wa reshe, alhali tana nesa da ramin.

"Naka shi kaɗai ya isa ya share kicin ɗin da duk wanda ke ciki," in ji jami'in.

Daga can bai zarce gida ba, sai da ya nemo Malam Mukhtaru a inda yake lodin ruwa. Ya tsuguna a gaban leburori ya kama hannunsa.

"Ammu, na ci mutuncinka a gaban yara. Ka yafe mini."

"Na yafe tun a shagon. Tashi, rana tana dukanka."

Ya isa gida bayan la'asar. Hajiya tana kicin a kan tabarma, ta aro taɓaryar itace a maƙwabta ta gama dakan, tana tankaɗe yaji a faranti. Ya zauna daga bakin ƙofa ya ba ta labarin kwarin, da ƙarar, da reshen bishiyar. Tana ji, ba ta ɗago ba.

"Alhamdu lillahi dai, Umma, da Goggo Jawahir ta iso kafin ki fara."

Rariyar ta tsaya a hannunta.

"Ba ta iso kafin in fara ba."

Ma'aruf ya zuba mata ido.

"Ina kashe wayar na zuba citta a turmi. Da kan mai tsinin na yi dakan, ya fi shiga. Na buga sau uku. A na ukun na ji hular tana motsi, ta ɗan kwance. Sai na jingine ta, na tashi neman filaya in murɗe ta da ƙarfi. Na buɗe durowa ta ɗaya, na buɗe ta biyu, babu. Na gan ta a ta uku, na ɗauko ke nan Jawahir ta buga ƙofa."

Ma'aruf ya kifa kai a gwiwa ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Hajiya ta ci gaba da tankaɗen, yajin yana zuba a gefen faranti ba ta ko lura ba.

Darasi: Duk ƙarfen da ka tono ko ka tsinta a daji ba ka san ko mene ne ba, musamman mai siffar harsashi ko gurneti, kada ka ɗauka, kada ka bubbuga, kada ka goge shi, kada ka kai shi gida. Tsatsa ba ta kashe albarushi. Bar shi inda yake, ka yi wa wurin alama daga nesa, ka janye mutane, ka kira hukuma, ko da kiran zai jawo maka tambayoyi. Amsa tambayoyi a ofis ya fi karɓar gaisuwar mutuwa sauƙi. Sannan idan wanda ya ga abu da idonsa ya gargaɗe ka, ka saurara, kada ka tsaya duba sana'arsa ko ƙasar da ya fito. Don Allah kada ku karanta ku wuce, ku tura wa masu yawon tono da manoma da masu gwangwan da kuka sani, wataƙila akwai irin wannan ƙarfen a gidan wani yanzu haka.